Abin da Saiwa ke Bai wa Ƙasa: Daga Kurmin Bakin Teku zuwa Gonakin Anka, Gummi da Bukkuyum

Gabatarwa

Manomin ƙasar Zamfara ba ya bukatar malami ya gaya masa cewa ƙasar gindin itace ta fi ta fili albarka. Ya sha ganin hatsin da ke ƙarƙashin gawo ya fi na nesa da shi kauri da duhun ganye, ya kuma san dalili: ganye ya zuba ya ruɓe, dabbobi sun kwanta a inuwa da rani sun bar kashinsu, tsuntsaye ma sun yi nasu. Duk wannan gaskiya ne, sai dai rabin magana ne, domin abubuwa ne da ke faɗowa daga sama, ido na ganinsu. Ɗaya rabin a ƙarƙashin ƙasa yake gudana, inda saiwa ke zuba wa ƙasa wani kaso na abincin da ganye ya haɗa, dare da rana, ba tare da mai gona ya sani ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wannan ɓoyayyen rabi. Za a fara da wani itace da ba ya fitowa a ƙasar Hausa, watau mangurof na bakin teku, domin a wurinsa ne abin ya fi fitowa fili, kuma a kansa masana suka yi awo mai yawa. Sa'an nan a komo gida, a dubi itatuwan gonakin Anka da Gummi da Bukkuyum, a ga abin da ake asara a duk lokacin da aka tumɓuke kututture.

Kalmar kabon

Tun da yake masu karatun nan ɗaliban harshe ne, ya dace a fara da kalmar kanta. Kabon aro ce daga Ingilishi, shi kuma Ingilishi daga Faransanci ya same ta. Masanan Faransa, su Lavoisier, su ne suka ƙirƙiro ta a 1787 daga wata kalmar Latin mai ma'anar gawayi. Ke nan wanda ya ce "sinadarin gawayi" bai yi nisa da asali ba. Abin da ya sa aka zaɓi kalmar aro a nan shi ne gawayi abu ne baƙi da ake ɗauka da hannu, alhali kabon yana cikin sukari da mai da nama da kara da audugar riga, har da iskar da mutum ke fitarwa in ya yi numfashi. Idan aka busar da itace sarai, kusan rabin nauyinsa kabon ne.

Tsiro daga iska yake samun kabonsa, ba daga ƙasa ba. Ganye na shaƙar iskar kabon ta wasu ƙananan ƙofofi, ya haɗa ta da ruwan da saiwa ta jawo, ya yi sukari da ƙarfin hasken rana. Da wannan sukari ake gina gangar itace da reshe da fure da 'ya'ya. In itacen ya ƙone ko ya ruɓe, kabon ya koma iska. Wannan iska ce ke riƙe zafin rana a duniya, kuma yawanta na ƙaruwa: kimanin kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu, kimanin 315 a 1958 sa'ad da Charles Keeling ya fara awonta a tsibirin Hawayi, sa'an nan ta haura 420 a 2023. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ƙasar da ake takawa ta fi iska ajiyar kabon. An ƙiyasta cewa mita ɗaya ta saman ƙasar duniya na ɗauke da tan biliyan 1,500 na kabon da ya fito daga rayayyun abubuwa, watau kusan ninki biyu na wanda ke cikin iska.

Hanyoyin da saiwa ke bi

Sukarin da ganye ya haɗa ba ya tsayawa a sama duka. Kaso mai yawa na gangarawa cikin saiwa, daga nan kuma yana shiga ƙasa ta hanyoyi da dama. Mafi sauƙin fahimta ita ce mutuwar ƙananan saiwoyi. Babbar saiwa kan yi shekaru, amma 'yan sirara masu kamar gashi, waɗanda su ne ke shan ruwa, watanni kaɗan suke yi su mutu, wasu su tsiro a madadinsu. Itace ɗaya yakan sake waɗannan gasusuwa sau da yawa a rayuwarsa, kowane sauyi kuwa taki ne da aka binne ba da fartanya ba.

Hanya ta biyu ita ce tsatsar saiwa, kuma ita ce zuciyar wannan nazari. Bakin saiwa mai rai yana fitar da wani yauƙi kamar na kuɓewa, wanda ke sauƙaƙa masa ratsa ƙasa, yana kuma tsatso sukari da wasu sinadarai masu tsami. Masana sun ƙiyasta cewa abin da ke fita ta haka yakan kai kashi ɗaya cikin goma na kabon da tsiro ya tara, wani lokaci ya fi. Da farko mutum zai ce ɓarna ce, kamar tulu mai yoyo. Amma ciniki ne. Tsamin yana narkar da sinadarin fosfaras da ya manne wa ƙasa, wanda shi ne manomi ke saye da sunan takin supa. Sukarin kuma abinci ne ga ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ke taruwa a jikin saiwa fiye da ko'ina cikin ƙasa. Wani Bajamushe, Lorenz Hiltner, shi ya fara ba wa wannan ɗan kewaye na saiwa suna na kansa a 1904. A cikin halittun akwai dangin fumfuna da ke shiga jikin saiwa su karɓi sukari, su miƙa zarurruka cikin ƙasa su kawo mata ruwa da fosfaras daga inda ita ba ta kai ba. Akwai kuma bakteriyar da ke zaune cikin 'yan ƙululun da ake gani a saiwar gyaɗa da wake, masu kamo naitirojin daga iska.

Wanda ke shakkar cewa saiwa na tsatsa, to, ya dubi wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Irin wannan ciyawa yakan kwanta cikin ƙasa shekaru bai tsiro ba, sai ya ji wani sinadari da saiwar dawa ko gero ko masara ke fitarwa, sa'an nan ya farka ya kama ta yana zuƙa. An fara ware sinadari irin wannan daga tsatsar saiwar auduga a 1966. A 2005 masana a Japan suka gano ainihin aikinsa: kira ne da tsiro ke yi wa fumfunan nan masu taimako, kuma yakan ƙara fitar da shi in fosfaras ya yi ƙaranci. Wuta-wuta ɓarauniya ce da ta ji kiran da ba nata ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ta fi addabar gonar da ta gaji. Shi ne kuma ya sa karɓa-karɓa da auduga ko waken suya ke rage ta, domin saiwarsu na tayar da irin, amma ba ya iya kama su, sai ya mutu.

Tambayar da ta rage ita ce, wane kabo ne ya fi daɗewa a ƙasa, na ganye ko na saiwa? A 2005 Daniel Rasse da abokan aikinsa biyu sun tattara sakamakon gwaje-gwaje da yawa, suka ga cewa kabon da ya fito daga saiwa yana zama cikin ƙasa ninki 2.4 na wanda ya fito daga ganye da kara. Dalili a fili yake. Ganye a sarari yake faɗuwa, inda rana da gara da iska da gobara da bakin akuya ke jiransa. Na saiwa kuwa tun farko a cikin ƙasa aka ajiye shi, yana manne wa ƙwayoyin laka, yana shiga cikin 'yan dunƙule-dunƙulen ƙasa inda masu ruɓarwa ba su kai gare shi da sauƙi. Sai dai ba kullum tsatsar ke ƙara ajiya ba. Wani lokaci sabon sukari kan ƙarfafa ƙananan halittun nan har su juya kan tsohon kabon da ke kwance su cinye. Saboda haka lissafin ba na tarawa kawai ba ne, akwai shiga akwai fita.

Kurmin bakin teku

Hausa ba ta da sunan mangurof, domin ba ya rayuwa sai a bakin teku a ƙasashe masu zafi. Amma fataken da suka sauka Fatakwal ko Warri ko Kalaba sun gan shi. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan wannan kurmi, mafi yawansa a yankin Neja Delta. Irin da ya fi yawa a can, wanda masana ke kira Rhizophora, saiwoyinsa daga jikin ganga suke fitowa su lanƙwasa su shiga taɓo, har itacen ya zama kamar an ɗora shi a kan gwafanni. Wani irin kuma, Avicennia, yakan turo ɗaruruwan 'yan saiwoyi sama daga cikin taɓo kamar an kafa tsinkaye. Duka biyu dabarar numfashi ce. Teku na cikowa ta janye sau biyu a yini, taɓon kullum a jiƙe yake, babu iskar shaƙa a cikinsa, don haka sai saiwa ta shaƙo daga sama ta kai wa sassanta da ke binne.

Wannan rashin iska shi ne sirrin ajiyar. Mafi yawan halittun da ke ruɓar da abu suna bukatar iskar shaƙa. Inda babu ita aikin yakan yi jinkiri ƙwarai, sai matattun saiwoyi su yi ta taruwa, wani bisa wani, tare da lakar da gulbi ya kawo ta maƙale a tsakanin gwafannin. A 2011 Daniel Donato da abokan aikinsa sun buga awon da suka yi a kurmi 25 na yankin tekun Indiya da na Fasifik. Sun sami matsakaicin tan 1,023 na kabon a kowace hekta, kuma tsakanin kashi 49 zuwa 98 cikin ɗari na wannan ajiya a cikin ƙasa yake, ba a jikin itatuwa ba. A wasu wurare kaurin wannan baƙar ƙasa ya wuce mita uku. Wanda ya tsaya ya dubi kurmin, ƙaramin kaso na dukiyar yake gani.

Ita tsatsar saiwar mangurof kuwa ba ta cika daɗewa ba. Bakteriyar taɓo na cinye ta da sauri, musamman waɗanda ke numfashi da gishirin ƙibiritu na ruwan teku, kuma su ne ke sa taɓon warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wani kaso na kabon da suka sarrafa yakan narke cikin ruwa, teku ta tafi da shi in ta janye. Awon wannan tsatsa aiki ne mai wuya: sai an tono saiwa mai rai ba a yanke ta ba, a wanke ta, a sa ta cikin kwalba da ruwa mai tsabta na wasu sa'o'i, sa'an nan a auna abin da ta zuba. Saboda irin wannan wuya, lissafin kabon mangurof ya daɗe da giɓi. Wani nazari da Steven Bouillon ya jagoranta a 2008 ya nuna cewa fiye da rabin kabon da waɗannan itatuwa ke kamawa ba a san inda yake shiga ba, kuma binciken da ya biyo baya ya karkata ga abin da ke faruwa a ƙarƙashin taɓo da abin da ruwa ke kwashewa.

In aka sare kurmin, ko ɗanyen mai ya kashe shi, kamar yadda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya nuna a ƙasar Ogoni, ba itatuwa kaɗai aka rasa ba. Saiwoyin da ke riƙe taɓon sun mutu, ruwa ya fara zaizaye shi, iska ta shiga, ajiyar ɗaruruwan shekaru ta kama hanyar komawa sama.

Jigawa da fadama

Mai karatu zai ce, ina ruwan Zamfara da bakin teku? Akwai zumunci na ruwa. Gulbin Zamfara da ya ratsa ƙasar Anka da Gummi, da Gulbin Ka da ke kudu da shi, duka suna zuba cikin Gulbin Sakkwato, shi kuma ya zuba cikin Kwara. Ruwan da ya sauka a gonar Bukkuyum, in bai nutse ko ya ƙafe ba, ƙarshensa ya bi ta tsakanin saiwoyin mangurof kafin ya shiga teku, ko da yake madatsar Kainji, da aka gama a 1968, da ta Jebba suna tare da yawa daga lakar da ya ɗauko. Amma babban zumuncin shi ne na ƙa'ida: saiwa aiki ɗaya take yi a can da nan. Abin da ya bambanta shi ne wurin ajiya.

A jigawa komai na gaba da ajiyar kabon. Yashi ba ya riƙe shi kamar laka. Iska na shiga ko'ina. Zafi na hanzarta ruɓa da zarar ruwan farko ya sauka, gara na aiki rani da damina, kara kuma ana kwashe shi don danga da girki da abincin dabbobi. Binciken da M. J. Jones na Samaru ya buga a 1973 kan ƙasashen filayen Afirka ta Yamma ya nuna cewa matsakaicin kabon saman ƙasa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ga lissafi don misali: hekta ɗaya, zurfin santimita 20, ta kai nauyin tan 3,000 na ƙasa. In kabonta rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari, tan 15 ke nan. Zurfin da aka auna ba ɗaya ba ne da na mangurof, amma ko an ninka wannan adadi sau uku, tazarar da ke tsakaninsa da tan dubu tana nan. Don haka duk mai zuwa da alkawarin cewa gonar jigawa za ta tara kabon da za a sayar a yi arziki, a saurare shi da kunne ɗaya.

Ƙarancin kuwa shi ya sa kowane ɗan kaso ke da daraja. Wannan ɗan baƙi-baƙin da ke cikin ƙasa shi ke riƙe damshi kwanaki bayan ruwa ya ɗauke, shi ke riƙe takin zamani kada ruwa ya wanke shi, shi ke haɗa ƙwayoyin yashi kada iska ta kwashe. In Bahaushe ya ce ƙasa ta gaji, ko ta mutu, ko ta zama fako, galibi raguwar wannan abu yake siffantawa, ko da bai kira sunansa ba. Abin sha'awa ne yadda harshen ya ɗauki ƙasa a matsayin mai rai, mai gajiya da hutawa, tun kafin a ƙera madubin da ya nuna cewa da gaske cike take da masu rai.

Fadama, ko hwadama a bakin Bazamfare, ita ce ta fi kusa da taɓon mangurof. Ruwa na kwanciya a kanta watanni, iska ba ta shiga, ruɓa na jinkiri, shi ya sa lakarta ta fi duhu, shi ya sa kuma shinkafar fadamun Gummi ke samun abin ci. Giyayya da ke tsaye cikin ruwa a bakin fadama tana jure abin da zai kashe gawo. Amma fadama na bushewa kowace shekara, lakar ta tsattsage, iska ta shiga ta ci wani kaso na abin da damina ta tara. Ajiyarta ta shekara-shekara ce, ana zubawa ana ɗiba.

Gawo, ɗorawa da sabara

Gawo ya saɓa wa sauran itatuwa: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Saboda haka ba ya tare wa hatsi rana, kuma saiwarsa na aiki a lokacin da komai ya bushe. Tana iya haka ne domin zurfinta. A Senegal, a 1992, masana sun bi ƙasar gindin gawo har zuwa ruwan ƙasa a zurfin mita 34, suka tarar da bakteriyar nan mai kamo naitirojin tana rayuwa a can. Tun a 1965 Charreau da Vidal suka auna a Bambey, a Senegal ɗin, suka ga geron gindin gawo ya ninka na fili fiye da sau biyu, ƙasar kuma ta fi kabon da naitirojin. Ana ba da labari cewa Sarkin Damagaram Tanimu, a ƙarni na 19, ya yanke hukuncin kisa ga mai sare gawo. Ko yaya ainihin hukuncin yake, labarin ya nuna matsayin itacen a idon masu mulki na da.

Ɗorawa da kaɗanya, waɗanda ke ƙara yawa in an nufi kudu wajen iyakar ƙasar Zuru, al'amarinsu dabam ne. Inuwarsu na rage amfanin da ke ƙarƙashinsu, musamman ɗorawa mai faɗin kai, kuma duk da kasancewarta dangin wake, ba a san ta da ƙululun naitirojin ba. Manomi na barinsu ne saboda kalwa da man kaɗe. Amma ƙasa na cin riba. Kabon da itace ya haɗa da wanda gero da dawa suka haɗa suna da ɗan bambancin nauyi da na'ura ke iya ganewa, kamar yadda ake gane Basakkwace da Bakano ta lafazi. Da wannan dabara Jules Bayala da abokan aikinsa suka nuna a 2006, a Burkina Faso, cewa ƙasar gindin waɗannan itatuwa biyu ta fi ta fili kabon, kuma kaso mai yawa daga itacen ya fito.

Wanda aka fi rainawa shi ne sabara, da ɗan'uwanta kalgo. Kowace shekara ana sassabe su a tara a yi toyi, kowace shekara su sake tohowa, domin abin da ke ƙasa ya fi abin da ke sama. Wani gwaji a Senegal da aka buga a 2018 ya nuna abin mamaki: an ba zurfafan saiwoyin sabara ruwa mai alama, sai ga alamar ta bayyana a jikin geron da ke kusa. Watau da dare sabara na jawo ruwa daga ƙasa mai zurfi ta tsatso shi a busasshiyar ƙasar sama. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, in ji masu iya magana. Ga shi ashe akwai mai tonawa kyauta a cikin gona, ana binsa da gatari. Wannan damshi kuma shi ke raya ƙananan halittun gindinta har cikin rani.

Kututture

Sassaben gargajiya, duk da toyinsa, yana barin saiwa da rai. Abin da ke kashe ta shi ne tumɓuke kututture. Garmar shanu na iya kewaye shi, amma mai tarakta ba ya shiga gona sai an share masa ita tas. Mai gawayi ya fi son ƙirya da marke saboda ƙarfin wutarsu, kuma in itace ya yi wuya har gindin ake haƙowa. A ƙasar Anka da Bukkuyum akwai kuma ramukan zinariya, inda ake datse saiwoyi a juyo da matacciyar ƙasar ciki a kan ta sama. Mutanen wannan yanki sun san darajar ɗan taƙin saman ƙasa fiye da kowa, tun bayan gubar dalma ta 2010 da ta kashe yara fiye da 400, har sai da aka kankare ƙasar gidaje a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega aka zuba sabuwa. Ƙasar tsakar gida ana iya kawo ta a mota. Ta gona kuwa sai saiwa ta gina ta, shekara bisa shekara.

Maganin da aka saba ji shi ne dashen itatuwa. Zamfara na cikin jihohi 11 na shirin katangar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, kuma ba laifi ba ne a dasa. Amma dashe jariri ne: saiwarsa taƙi ɗaya, ga rani na wata bakwai, ga awaki. Ranar biki ana ƙidaya abin da aka dasa, ba a cika komowa bayan shekara uku a ƙidaya abin da ya rayu ba. Kututturen da ke cikin gona kuwa ya riga ya yi shekarun da dashen ke nema.

A kan wannan ne darasin Maraɗi ya tsaya. A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda dashensa ya yi ta mutuwa, ya lura cewa 'yan tohon da ke cikin gonaki ba ciyayi ba ne, itatuwa ne da aka sare waɗanda saiwoyinsu ke raye. Dabarar ba ta da wuya: lokacin sassabe, maimakon a share tohon duka, a zaɓi mafi ƙarfi ɗaya zuwa biyar a kowane kututture, a rage sauran, a tsare su daga wuta da dabbobi. Manoma suka sa mata suna sassaben zamani. Yunwar 1984 ta sa mutane da yawa suka gwada, daga baya kuma ta bazu daga maƙwabci zuwa maƙwabci. Ƙiyasin da aka buga a 2009 ya ce abin ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a kudancin Nijar, mafi yawa a yankunan Maraɗi da Damagaram, ƙasar da ba ta kai yammacin Zamfara ruwan sama ba.

Sai dai ba gatari kaɗai ya canja a Maraɗi ba. A da, itacen gona a hannun ma'aikatan gandun daji yake, mai gona na iya shan tara in ya sare reshen abin da ya tsiro a gonarsa, don haka ya gwammace ya kashe toho tun bai zama itace ba. Da aka sassauta wannan, manomi ya tabbata itacen nasa ne, sai ya fara reno. Tambayar na nan a gaban duk mai son a gwada haka a Gummi ko Anka. Wanda ke noma gonar aro ko ta jingina, bai san ko baɗi tana hannunsa ba, da wuya ya yi renon gawon da sai bayan shekaru zai amfana. Wanda rashin tsaro ya raba da gonarsa ta daji, ya dawo yana noma ɗan fili a bayan gari tare da ɗaruruwan irinsa, kowa na neman itacen girki a wuri guda, shi ma tohon da ya bari da safe ba lalle ya tarar da shi da maraice ba. A ƙauyukan Maraɗi da abin ya kafu, kamar Ɗan Saga ta ƙasar Agiye, sai da mutanen gari suka kafa kwamitin tsaro da ya haɗa manoma da mata da makiyaya, suka yanka tara a kan mai satar toho, kafin kututturen farko ya zama itacen da ake hutawa a inuwarsa.